ZAUREN 'YAN MATA: Ranar Da Dutsen Guga Ya Ƙi Zafi

 Ina gaida duk waɗanda suka aiko da wasiƙu suna tambayar ina aka kwana a kan sabon littafina, ku ƙara haƙuri, yana nan tafe in Allah ya yarda. Yau dai ba hirar soyayya na zo muku da ita ba, wani abu ne ya faru a gidanmu nan Kaura Namoda da damina, wanda saura ƙiris ya raba wata yarinya da karatunta, kuma ba komai ya jawo ba illa dutsen guga. Na san wata za ta yi dariya ta ce dutsen guga kuma? To ki gyara zama ki ji.

Bikin 'yar ƙanen Babanmu za a yi a Zurmi, ɗaurin aure ranar Asabar, mu kuwa an shirya za mu tashi ranar Juma'a da hantsi, domin duk wanda ya san yankin nan namu ya san a 'yan shekarun nan ba a son yamma ta yi wa mutum a kan hanya. Tun ranar Litinin muka yi wanki, atamfar anko, leshin Inna, shaddar Yaya, da kayan jaririn matar Yaya. Muna gama shanya hadari ya haɗo daga gabas, aka tsuge da ruwa irin na watan Agusta, kwana biyu rana ba ta leƙo ba. Kaya suka ƙi bushewa, muka ɗaura igiya a ɗaki da rumfa, ga warin danshi ya fara tashi. Duk fatanmu ya koma kan dutsen guga, mu ƙarasa busar da kayan da shi.

Dutsen na matar Yaya ne, yana cikin kayan ɗakinta da aka kawo ta da su, tana ji da shi ƙwarai. Ranar Laraba bayan isha'i aka kawo wuta, gida ya ɗauki sowa. Ta jona dutse, ta shimfiɗa bargo, ta jira. Shiru. Ta lashi yatsa ta taɓa, sanyi ƙalau kamar randa. Ta murɗa, ta jijjiga, ta buga shi da tafin hannu, ko alamar ɗumi babu.

Akwai 'yar Gwaggona da muke riƙo, shekararta 12, daga wani ƙauye kusa da Shinkafi aka kawo ta don ta yi makaranta a wurinmu. Ita ce ta yi guga ta ƙarshe, ta goge kayan makarantarta ranar Lahadi. Nan take matar Yaya ta ƙwala mata kira.

"Ke zo nan! Mi kika yi ma dutsen nan?"

"Wallahi Anti ban yi mishi komi ba."

"Ƙarya kike! Yada shi kika yi, ko ruwa kika zuba mishi. Tunda kika zo gidan ga komi sai lalacewa yake. Gobe Alhamis kasuwar Shinkafi, wallahi a motar 'yan kasuwa za a sa ki, ki koma wurin uwarki."

Yarinya ta durƙusa tana kuka tana rantsuwa. Inna ta yi shiru don kada a ce ta goyi bayan dangin mijinta a kan suruka, Yaya kuma ya ce shi ba ya shiga sha'anin mata. Ni kuwa gabana ya faɗi, domin na san in yarinyar nan ta koma ƙauye, ita da aji sai dai a mafarki. Na ce, "Anti don girman Allah ki ba ni zuwa gobe da azahar. In har aka tabbatar ita ta ɓata shi, ni zan biya ki da kuɗin littafina." Ta harare ni ta ce, "To malama marubuciya, yau kuma makanike kika koma?" Ta dai miƙo mini.

'Yan uwa, ni ba mai gyara ba ce, iyakata sakandare. Amma na tuna abin da malaminmu na kimiyya yake yawan faɗa mana, cewa wutar lantarki kamar ruwan famfo ce, hanya take bi, in ba ta iso ba to a wani wuri aka tare ta. Saboda haka ba a fara bincike daga tsakiya, daga bango ake farawa a biyo hanya taki-taki har a iso ga dutsen. Ga yadda na yi, ku ma ku riƙe.

Da farko na duba wutar kanta. Ba kowace wuta da ta kunna ƙwai ce ke iya ɗaukar dutsen guga ba. Ki juya naki ki duba jikinsa, za ki ga an rubuta yana son bolt 220 zuwa 240, kuma mafi yawansu suna jan wat 1000 ko fiye. In aka kawo wutar nan mai rauni, wadda ƙwai ke yin ja kamar garwashi, fanka na juyawa da ƙyar, dutse ba zai yi zafin kirki ba. In ƙarfin wuta ya ragu da rabi, zafin da dutse zai bayar ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Haka nan ƙaramin janareta wanda bai kai wat 1000 ba, ba ya iya ɗaukarsa, sai dai ki ji injin ya shaƙe ya mutu. A daren nan fankarmu na gudu sosai, don haka na san ba daga nan ba ne.

Na biyu, soket. Na zare dutsen na jona fanka a wurin, ta tashi. Na kai dutsen soket ɗin ɗakin Inna, nan ma shiru. To kun ga bango ya fita daga zargi. A nan zan ja kunnenku, ku daina jona dutse a 'yar wayar ƙari mai arha wadda aka tara mata cajar waya da rediyo da talabijin. Siririyar wayarta ba ta ɗaukar nauyin dutse, narkewa take yi, gobara da yawa daga nan take tashi. In kika ga bakin soket ya yi baƙi ko kina jin ƙaurin roba, ki bar shi har a canza.

Na uku, filogi, wato kan da ake turawa cikin soket. Irin namu mai ƙafa uku yana da ɗan fiyus a ciki, ɗan guntu kamar ƙwayar magani, na dutsen guga galibi an rubuta masa 13. Aikinsa shi ne ya tsinke in wuta ta yi yawa, ya mutu a madadin kayanki. Na zare filogin daga bango, na kwance shi da sukundireba. Wayoyi uku ne a ciki: mai ruwan ƙasa ita ke kawo wuta, shuɗiya ita ke mayarwa, mai kore da rawaya kuwa ita ce ta kariya, wadda ke janye wuta in ta ɓalle ta hau jikin ƙarfe. A tsofaffin kaya za ki ga ja da baƙa da koriya. Duk ukun na same su a ɗaure tam, babu wadda ta kwance. Na ciro fiyus ɗin butar lantarkin Inna, wanda na san yana aiki, na sa masa, na rufe na jona. Shiru dai. Kuma don Allah kada wadda ta yarda a naɗa mata takardar sigari ko guntuwar waya a madadin fiyus. Wannan kamar ki kori maigadi ne ki kwana ƙofa a buɗe.

Na huɗu, 'yar fitilar jikin dutsen. Ita ma tana ba da labari. A yawancin duwatsu, in fitila ta kama amma babu zafi, to wuta ta shiga ciki, abin da ke yin zafin ne ya ƙone. In kuwa fitila ba ta kama ba sam, wuta ba ta iso ba, a hanya ta tsaya. Tamu ba ta kama ba. Na murɗa maɓallin zafi daga farko har ƙarshe na kasa kunne, na ji ɗan "ƙas" ɗin nan da yake yi. Nan dabarata ta ƙare, na zauna na yi tagumi.

Sai na tuna duk cikinmu babu wanda ya tambayi yarinyar nan komai, tuhuma kawai aka yi mata. Na same ta a ɗakin Inna ta haɗa 'yan tsummokaranta a leda, idanu sun kumbura. Na ce, "Ƙanwata share hawayenki. Ranar Lahadi da kika yi guga, mi kika gani?" Ta ce, "Yaya, fitilar ce ke ɗaukewa tana dawowa. In na ja dutsen gaba sai ta mutu, in na ɗaga wayar sama sai ta kama. Da hannu ɗaya na riƙe wayar har na gama." Na ce, "Me ya hana ki faɗa?" Ta ce, "Tsoro na ji kada a ce ni ce."

Allah sarki! Ashe amsar tana bakin wadda aka hana magana. Na zare dutsen daga wuta, na bi wayar da yatsuna a hankali tun daga filogi. Daidai gindin dutsen, inda waya ke shiga ciki, na ji wurin ya yi laushi ya langaɓe kamar karan da ya karye a cikin ɓawonsa. Daga waje zaren da aka saƙa mata lafiya lau, a ciki kuwa ta tsinke.

Da gari ya waye na sa ƙanena ya raka ni wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da fanka, can wajen tashar jirgin ƙasa, inda layin dogon da ya taso daga Zariya ya tsaya tun 1929. Na gaishe shi na ce, "Baba, ina zaton wayar ce ta karye daga gindi." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗiyata, wa ya koya miki?" Ya ɗauko mitarsa ya auna, ya ce haka ne. Ya buɗe bayan dutsen ya nuna mini, siraran zaren jan ƙarfen sun tsittsinke, wurin har ya yi baƙi saboda tartsatsi. Ya ce wannan ba aikin rana ɗaya ba ne, ba kuma faɗuwa ko ruwa ke kawo shi ba, wata da watanni ake yi ana lanƙwasa wayar. Masu naɗe waya tamau a jikin dutse tun yana da zafi, da masu fizgo filogi ta waya, su ke jawo shi. Ya ƙara da cewa yarinyar da ta riƙe wayar nan da hannu Allah ne ya tsare ta, don da tartsatsin ya huda rigar wayar, da wani zancen ake yi.

Jikina ya yi sanyi, domin wallahi duk gidanmu babu mai ɗaure waya tamau kamar ni. Ni ce mai son in ga komai tsaf, ina gama guga zan nannaɗe ta in soke filogi a ciki in ɗora kan sif. Matar Yaya ma haka take yi.

Yana aiki ina tambaya, shi kuma bai ji ƙyashin faɗa mini ba. Ya nuna mini abubuwa uku da ke cikin dutse. Akwai elemen, wata waya ce ta musamman da aka haɗa da ƙarafa biyu, nikel da kuromiyam, an binne ta cikin tafin dutsen, ita ce ke yin zafi in wuta ta ratsa ta. In ta ƙone, a duwatsun zamani ba a cika iya ciro ta ba, sau da yawa gara a sayi sabo. Akwai mai daidaita zafi, wanda ke ƙarƙashin maɓallin da muke murɗawa: wani ɗan falle ne na ƙarafa biyu da aka manne, in zafi ya kai inda kika saita sai ya lanƙwashe ya yanke wuta, in ya huce ya koma ya haɗa. Shi ne "ƙas" ɗin da kike ji. Bakinsa kan yi datti ko ya ƙone, mai gyara na iya gogewa ko ya canza. Sai na uku, fiyus ɗin zafi, wanda ke tsinkewa gaba ɗaya in mai daidaitawar ya kasa, dutse ya ɗauki zafin da ya wuce kima. Baba ya ce wasu masu gyaran gaggawa sukan cire shi su haɗe wayar kai tsaye, dutse ya tashi mai kaya ta yi murna, ranar da ta manta shi a kan bargo sai dai a kwashi toka. Saboda haka ki riƙa tambaya: me aka canza, me aka cire?

Ya sa mini sabuwar waya mai kauri, ya ce ba ya yarda da ɗauri da salatif a kan dutsen guga. Kuɗin duka bai kai na kitson biki ba. Kafin azahar ina gida.

A tsakar gida, gaban Inna da Yaya, na jona dutse fitila ta kama. Na ajiye tsohuwar wayar a gaban matar Yaya na faɗi abin da Baba mai gyara ya ce, na kuma ce ni ce kan gaba a laifin. Ta yi shiru tana jujjuya wayar. Can ta kira yarinyar ta ce, "Ki yafe mini, na ɗauki alhakinki." Inna ta ce, "To alhamdu lillahi. Gaggawa dai aikin shaiɗan ce." Da muka je Zurmi, cikin ankon da matar Yaya ta goge mata da hannunta yarinyar nan ta yi fitar biki. Yanzu haka tana aji biyu na ƙaramar sakandare.

Tunda muna kan zancen, bari in amsa wa wata ƙawata da aure ya kai Kaduna. Ta bugo mini waya tana ƙorafin injin busar da kaya da maigidanta ya saya, wai yana juyawa amma kaya na fitowa da sanyi. Ƙawata, injin nan babban yayan dutsen guga ne. Shi ma elemen gare shi, da mai daidaita zafi, da fiyus ɗin zafi, sai dai an ƙara masa fanka mai hura iska cikin gangar da ke juyawa. Abin da ke juya ganga daban, abin da ke yin zafi daban, shi ya sa yake iya juyawa babu zafi. Ki fara duba maɓalli, ko an saita shi a kan iska mai sanyi. Ki duba ƙarfin wuta, don irin mai elemen yana jan wat 2000 ko fiye. Sannan ki zaro ragar da ke tare burbushin zare ki share ta, ki duba bututun da iska ke fita ko ya toshe ko ya lanƙwashe. In iska ba ta samun fita zafi yana taruwa, sai fiyus ɗin zafi ya tsinke. In an canza fiyus ba a share hanyar iska ba, gobe ma zai sake. Ragar nan bayan kowace busarwa ake share ta, don burbushin zare kamar auduga yake, da wuri yake kama wuta. Abin da ya wuce nan ki kira mai gyara.

Mu kuwa na nan Kaura da Shinkafi da Zurmi, da wuta kan yi mana kwana da kwanaki, kada mu raina dutsen gawayi na iyayenmu. Shi ma yakan ƙi zafi, kuma dalilansa biyu ne: gawayi mai danshi, ko toka ta toshe 'yan ƙofofin gefensa iska ba ta shiga. Ki zubar da tsohuwar toka, ki hura gawayin a waje sai ya kama ja kafin ki zuba, ki fifita, ki goge tafinsa da tsumma kafin ki ɗora kan kaya masu haske. Kada ki yi guga da shi a ɗaki a rufe, iskar gawayi ba ta da wari amma tana kisa.

Wata za ta ce in dutse ya ƙi sai a sa kaya haka nan mana. A'a 'yar uwa, musamman da damina. Akwai wani ƙuda da ke saka ƙwai a ƙasa da jikin tufafin da aka shanya a inuwa ko a ƙasa, musamman masu ragowar fitsari ko gumi. In aka sa kayan, tsutsar kan shiga fata ta yi ƙurji kamar maruru, kuma jarirai sun fi shan wahalarta. Zafin guga yana kashe ƙwan. Don haka kayan jariri da na ciki, a shanya su a igiya cikin rana, a goge su ciki da waje.

Ga 'yan dokokina kafin in ajiye alƙalami. Kada ki taɓa buɗe filogi ko ki laluba waya sai kin zare daga bango. Kada ki yi guga da jiƙaƙƙen hannu ko ƙafa ba takalmi a kan siminti mai danshi. In dutse ya fara jan ki ko kaɗan, ki ajiye shi sai an gyara. In aka ɗauke wuta kina tsakar guga, ki zare shi nan take, domin wuta ba ta sallama in za ta dawo. In kin gama ki bar shi ya huce a tsaye, sannan ki naɗe wayar sakwa-sakwa. Ki kuma duba ɗigon da ke jikin maɓalli: ɗigo ɗaya wajen digiri 110 ne, na kayan roba-roba, biyu wajen 150, uku wajen 200, na atamfa da sauran kayan auduga. Iyakarki bango, soket, filogi da duban waya. Cikin dutsen kuwa na mai mita ne.

Sannan ina roƙon uwayen gida da antoci masu riƙon 'ya'yan mutane, in abu ya lalace a gida a tambayi yaro me ya gani kafin a tambaye shi me ya yi. Yarinyarmu ta riƙe wayar da ke tartsatsi da hannunta saboda tsoron faɗa ya fi mata tsoron wuta, kuma mu manya mu muka koya mata wannan tsoron. Allah ya yafe mana, ya tsare mu da gobara da ɗaukar alhaki, amin.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu taɓa zancen yadda ake adana leshi da shadda a akwati don kada danshi ya ci su. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku. Ina gaida 'yan makarantar Kaura, da ƙawayen amarya na Zurmi da suka karɓe mu hannu bibbiyu, da Gwaggona a Shinkafi.

Taku har kullum, daga Kaura Namoda.